Can Ma An Taɓa Cewa Araba

Suna ne ya kai ni Amurka. Ɗan ƙanwata da ke aiki a wani asibiti a Boston matarsa ta sauka a farkon Disamba, ya kuma kafe sai na je na raɗa wa yaron suna da bakina, tunda shi ɗan ƙanwar tawa mahaifinsa Allah ya yi masa rasuwa. Na je, aka yi taro a wani ɗan zaure da suka kama haya, aka ci tuwon shinkafa da miyar da ba ta ga daddawa ba, baƙi suka watse. Ya rage mini kwana goma sha ɗaya, ga sanyin da ke shiga ƙashi, rana kuma tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ta yi sallama.

"Kawu, ina za a kai ka? Niyok?"

Na ce Hartford nake so.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kawu, me ke Hartford in ban da kamfanonin inshora?"

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina koyar da tarihi a sakandare, kuma duk lokacin da muka zo kan Amurka abu ɗaya nake gaya wa yara: jihohin Kudu masu bayi sun ɓalle a 1860 da 1861, Lincoln ya yaƙe su ya dawo da su. Sai bayan na ajiye alli na gano cewa kusan shekara hamsin kafin nan mutanen arewa maso gabas ne, yankin da suke kira Sabuwar Ingila, suka fara wasa wuƙar rabuwa, kuma a Hartford, babban birnin jihar Connecticut, manyansu suka kulle kansu a ɗaki mako uku. Ɗakin nan nake son gani. Da na gama bayani sai ya ce to, ranakun hutunsa na aiki nawa ne, amma mu fara da abin da ke bakin ƙofa.

Abin da ke bakin ƙofa wani tsohon jirgin yaƙi ne na katako mai suna Constitution, yana ɗaure a tashar Charlestown, tsallaken ruwa daga tsakiyar birni. Tun 1797 aka saka shi a ruwa, kuma har yau sojojin ruwa na gaske ne ke kula da shi, su ke zagayawa da baƙi. Wani saurayi cikin kayan sarki irin na da ya tsayar da mu kusa da igwa, ya ba mu labarin ranar 19 ga Agusta 1812, da jirgin ya ragargaza wani jirgin Ingila mai suna Guerriere, harsasan igwar abokan gaba suna dukan jikinsa suna faɗawa ruwa kamar ƙarfe suka daka. Da muka sauka hawa na ƙasa na manta na sunkuya, wani gungumen katako ya gaisa da goshina, hulata ta faɗi. Rufin wurin bai san da dogaye ba.

Abin da saurayin bai faɗa ba shi ne yawancin manyan Boston na wancan zamani ba su son yaƙin da jirgin ya yi suna a cikinsa. Ranar 18 ga Yuni 1812 Shugaba James Madison ya sa hannu kan shelar yaƙi da Birtaniya. A majalisar wakilai ƙuri'a 79 ce ta amince, 49 ta ƙi. A ta dattawa 19 da 13. Jam'iyyar adawa, wadda ake kira Fedaralis, ko mutum ɗaya nata bai ɗaga hannu ya yarda ba. Ba su ma yarda su kira shi yaƙin ƙasa ba, "yaƙin Mista Madison" suke cewa. Dalilan da gwamnati ta bayar ba ƙarya ba ne: sojojin ruwan Ingila na tare jiragen Amurka a teku su kwashe dubban ma'aikatan jirgi su tilasta musu aikin soja, suna kuma hana Amurka ciniki da Faransa ta Napoleon. Abin ɗaure kai, masu jiragen da ake tarewa ɗin su ne suka fi kowa ƙin yaƙin. Masu zuga a yi, yawancinsu daga Kudu da Yamma suke, wasu daga jihohin da ko bakin teku ba su da shi. Ɗan kasuwar Boston lissafinsa daban: a kama masa jirgi ɗaya, biyu su isa, riba ta rufe asara. Yaƙi kuwa rufe kasuwa ne ɗungurungum.

Amma fa ba su rasa ɗan kishi ba. Da kyaftin ɗin jirgin, Isaac Hull, ya dawo da nasara, a Boston ɗin nan aka yi masa gagarumar liyafa. Bayan shekara guda kuma majalisar dattawan jihar Massachusetts, inda Boston take, ta zartar da cewa bai dace da mutane masu addini da ɗa'a su riƙa murnar nasarorin irin wannan yaƙi ba. Na ce wa ɗan ƙanwata, ka ji masu cin tuwo da miyar da suka ce haramun ce.

Kashegari muka shiga jirgin ƙasa zuwa Salem, tafiyar kamar rabin sa'a. Duk wanda ya ji sunan garin maita ke zuwa masa a rai, saboda shari'ar 1692 da aka rataye mutane bisa zargin su mayu ne, kuma garin ya mai da abin kunyar nan sana'a: kanti bayan kanti tsintsiya ce da baƙar hula mai tsini. Muka wuce su muka nufi bakin ruwa. Akwai wata doguwar gaɓa ta dutse da ƙasa da aka cike ta shige cikin teku, ta kai kusan rabin mil, da ɗan farin hasumiyar fitila a ƙarshenta. Gaɓar Derby ake ce mata. Muka taka ta har ƙarshe, iska na yankar kunne, babu kowa sai mu da wata tsohuwa mai jan kare da aka sa wa riga. A nan ne da ake sauke masoro daga Sumatra da shayi daga Sin, rumbunan kaya jere a kai. Yanzu ciyawa ce busasshiya da tsuntsayen ruwa.

A kan gaɓar nan na fahimci inda ɓacin ran ya samo asali, don ya girmi yaƙin. A Disamba 1807 Shugaba Thomas Jefferson ya sa aka yi dokar hana duk wani jirgin Amurka fita da kaya zuwa ƙasar waje, wai don a horar da Ingila da Faransa. Ka hukunta maƙwabci ta hanyar toshe ƙofar gidanka. Kayan da Amurka ke fitarwa suka faɗo daga kimanin dala miliyan 108 a 1807 zuwa miliyan 22 a 1808. Jirage suka yi ta ruɓewa a ɗaure, masu saƙa igiya da masu ɗinka filafilan jirgi da 'yan dako suka zauna. Wanda ya ga yadda garuruwan kan iyakarmu suka yi tsit da aka rufe boda a 2019 ba ya bukatar dogon bayani. Kuma abin da ya biyo baya iri ɗaya ne, fasa-ƙwauri. Ta dajin Vermont da gaɓar Maine kaya suka yi ta sulalewa Kanada, kuma ko da aka janye dokar a Maris 1809 hanyoyin ba su mutu ba. A tsakiyar yaƙi, cikin 1814, gwamnan Birtaniya na Kanada da kansa ya rubuta wa Landan cewa kashi biyu cikin uku na sojojinsa naman shanun Amurkawa suke ci.

Daga bakin ruwa muka hau cikin gari neman gidan Timothy Pickering, a titin Broad. Tsohon gida ne na katako mai rufi tsini-tsini, asalinsa tun wajajen 1660, zuriya ɗaya ta zauna cikinsa ɗaruruwan shekaru. A rufe muka same shi, muka tsaya bakin shinge. Pickering ya yi yaƙin neman 'yanci tare da George Washington, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, har Shugaba John Adams, ɗan jam'iyyarsu, ya gaji da taurin kansa ya sallame shi a 1800. Mutum ne mai ganin duk wanda ya saɓa masa ɓatacce ne. Da Jefferson ya sayi yankin Louisiana daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ƙasar ta kusa ninka girmanta, Pickering ya hango abin da ke tafe: sababbin jihohi za su yi ta fitowa a Yamma, kowacce da sanatoci biyu, duk su bi bayan Virginia, jihar su Jefferson, Sabuwar Ingila ta zama 'yar kallo a gidan da take ganin ita ta gina. Sai ya shiga rubuta wasiƙu a 1804 yana neman a kafa tarayyar Arewa. Ya san ba Niyok abin ba zai tsaya ba, shi ya sa shi da abokansa suka sa rai ga Aaron Burr, mataimakin shugaban ƙasa, da ke neman gwamnan jihar. Alexander Hamilton, wanda shi ne ƙwaƙwalwar jam'iyyar, ya ƙi shirin ya kuma yaƙi takarar Burr. Burr ya faɗi zaɓe, a watan Yuli na shekarar kuma ya harbe Hamilton a fito-na-fito na bindiga. Maganar tarayyar Arewa ta kwanta, amma ba ta mutu ba. A Janairu 1811 wakilin Boston, Josiah Quincy, ya miƙe a zauren majalisa ya ce in aka shigar da Louisiana a matsayin jiha to igiyar tarayya ta tsinke, kuma wajibi ne wasu jihohi su shirya rabuwa, cikin lalama in ta yiwu, da ƙarfi in ta kama.

Kada a ɗauka duk Salem bakinsu ɗaya. Gidan Crowninshield, attajiran da ke gogayya da gidan Derby, 'yan jam'iyyar Jefferson ne. Da yaƙi ya zo suka ɗora igwa a jiragensu suka shiga farautar jiragen kasuwancin Ingila da izinin gwamnati, suka yi kuɗi, ɗayansu ma Madison ya ba shi ma'aikatar sojan ruwa. Kuma a gundumar nan ta Essex ne aka yi yankan mazaɓar da ta shiga tarihi. A 1812 'yan jam'iyyar gwamna Elbridge Gerry suka zana wata mazaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe don su danne ƙuri'un Fedaralis, wata jaridar Boston ta zana ta da fukafukai da farata kamar dodon ƙadangare. Har yau da sunan Gerry Amurkawa ke kiran irin wannan maguɗi. Na ji daɗi kaɗan, in faɗi gaskiya, da na ga ba mu muka ƙirƙiro ba.

A jirgin komawa ɗan ƙanwata ya ce, "To Kawu, adawa ce kawai ta baki, ko sun yi wani abu?"

Sun yi. Gwamnan Massachusetts, Caleb Strong, ya ƙi miƙa dakarun jiha ga gwamnatin tarayya, ya ce tsarin mulki ya yarda a kira su ne in an kawo wa ƙasa hari, shi kuwa bai ga hari ba. Ya kuma sa ranar azumi da addu'a saboda an ɗaga takobi kan ƙasar da kakanninsu suka fito. Connecticut ma ta ƙi. Gwamnan Vermont a 1813 ya aika wa dakarun jiharsa da ke Niyok su dawo gida. Bankunan Boston, da su ne ke da tsabar kuɗi, suka ɗaure bakin jaka, gwamnati na neman rance tana shan wuya. Limaman coci suka mai da mumbari dandalin siyasa. Ɗaya ɓangaren ma bai zauna da hannu a naɗe ba. A Baltimore, kwanaki kaɗan bayan shelar yaƙi, 'yan zanga-zanga suka rushe ofishin wata jaridar Fedaralis. Da mai jaridar ya dawo da magoya bayansa a watan Yuli, hukuma ta kai su kurkuku wai don ta kare su, gungun mutane suka fasa kurkukun cikin dare, suka kashe James Lingan, tsohon janar, suka yi wa Henry Lee dukan da bai sake lafiya ba har ya mutu. Henry Lee ɗin nan shi ne mahaifin Robert E. Lee, wanda daga baya ya jagoranci sojojin 'yan awaren Kudu. Yaron yana ɗan shekara biyar a lokacin.

Ranar da muka ɗauki hanyar Connecticut da asuba muka fita a motarsa, da fulas ɗin shayi da ragowar cincin ɗin suna. Ba mu miƙe Hartford kai tsaye ba, muka bi gaɓar teku. Stonington ɗan ƙauye ne a kan wani siririn harshen ƙasa, tituna biyu, gidaje farare. A wani ɗan fili a tsakiyarsa akwai igwa biyu baƙaƙe a kan ƙafafunsu. Na dafa ɗaya, sanyin ƙarfen ya ratsa safar hannuna. A Agusta 1814 jiragen yaƙin Ingila ƙarƙashin Thomas Hardy suka zo suka ba mutanen garin sa'a guda su kwashe, suka yi kwanaki suna ruwan wuta. Mutanen suka ja igwan nan zuwa bakin ruwa suka mai da martani har jiragen suka haƙura suka tafi. Jihar da ta ƙi ba Madison soja kenan. Ba tsoron faɗa suke ba, kuma ba son Ingila ya hana su ba. Abin da suke cewa shi ne: muna biyan haraji, an kwashe sojojin tarayya an kai su mamaye Kanada, an bar gaɓarmu a buɗe, sannan a ce mu ba da 'ya'yanmu ma.

A New London, 'yan mintoci gaba, muka tsaya bakin kogin da suka sa wa sunan kogin Landan. Tsallake akwai inda ake ƙera jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa. A kogin nan Ingilishi suka datse Stephen Decatur, gwarzon sojan ruwan Amurka, da jiragensa tun tsakiyar 1813. A Disamba ya yi niyyar sulalewa cikin dare, sai ya ce an kunna shuɗiyar wuta a bakin kogi don a tsegunta wa abokan gaba. Ba a taɓa kama kowa ba, ba a tabbatar da komai ba, amma sunan ya manne. Daga ranar duk ɗan Fedaralis ya zama "mai shuɗiyar fitila", wato ɗan leƙen asirin Ingila. Ƙazafin siyasa ba ya neman shaida, amo yake nema.

Kafin mu isa Hartford sai da na zayyana masa yadda ƙarshen 1814 ya kasance, don in ba haka ba mutum zai ɗauka neman rigima kawai suke. Napoleon ya faɗi, hannun Birtaniya ya saku. A 24 ga Agusta suka shiga Washinton suka cinna wa fadar shugaban ƙasa da majalisa wuta. A Satumba suka kama Castine da gabashin Maine, wanda a lokacin yanki ne na Massachusetts, suka zauna suna karɓar kuɗin kwastan. Da kuɗin ne ma aka kafa jami'ar Dalhousie a Halifax ta Kanada daga baya. Tsibirin Nantucket, da yunwa ta ci ƙarfinsa, ya sasanta da Ingilishi ya ce shi ba ruwansa da yaƙin. Baitulmali ya bushe. Gwamnati na maganar ɗaukar soja dole, wani matashin wakili mai suna Daniel Webster ya tashi a majalisa ya yi mata kaca-kaca. Gwamna Strong kuwa a asirce ya tura ɗan aike wurin kwamandan Birtaniya a Halifax, ya ji ko za a yi sulhu da Massachusetts ita kaɗai. Wannan kam ko a kotun wa aka kai shi, sunansa cin amanar ƙasa. A cikin wannan hali majalisar Massachusetts ta gayyaci maƙwabta taro.

Tsohon gidan gwamnatin Connecticut yana tsakiyar Hartford, dogayen gine-ginen gilashi sun kewaye shi kamar dattijo a cikin samari. Ƙasansa dutse ne mai ruwan ƙasa, samansa jan bulo, a ƙololuwa mutum-mutumin mace riƙe da ma'auni. An gama shi a 1796. Muka biya kuɗin shiga, muka hau bene. Baƙi ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Ɗakin ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Dogayen tagogi, kujeru a jere, a bango babban hoton Washington tsaye, wanda Gilbert Stuart ya zana. A gaban idon hoton nan mutum 26 suka zauna daga 15 ga Disamba 1814 zuwa 5 ga Janairu 1815. Massachusetts ta turo 12, Connecticut 7, Rhode Island 4. New Hampshire da Vermont ba su turo a hukumance ba, wasu gundumomi ne suka aiko da mutum uku. Suka naɗa George Cabot shugaba, suka kori kowa, suka rufe ƙofa, suka ɗaure kansu da alkawarin ba mai fitar da magana. Madison ya turo wani hafsa, Thomas Jesup, garin da sunan ɗaukar sababbin sojoji, aikinsa na gaskiya kuwa ya sa ido.

Na daɗe a tsaye. Ina tsammanin zan ji wani abu mai nauyi, sai na ji kamar ina zauren majalisar ƙaramar hukuma bayan an tashi.

Wataƙila hakan ya dace da abin da ya faru, don masu zafin kai ba su ne suka shiga ɗakin ba. Pickering yana Washinton. Jaridun Boston na ta kururuwar a raba, amma waɗanda aka zaɓo lauyoyi ne da alƙalai da attajirai masu furfura, mutanen da ke da abin asara. An ruwaito Cabot ya gaya wa wani matashi cewa za su je ne su hana irinsa masu zafin jini yin ɓarna. Harrison Gray Otis, wanda shi ne ƙashin bayan taron, ɗan lalama ne. Rahoton da suka fitar bai ce a ɓalle ba. Ya ce raba tarayya ba abin da za a yi cikin gaggawa ba ne, balle ana tsakiyar yaƙi. Ya nemi a bar jihohi su riƙe wani kaso na harajin tarayya su kare kansu, ya ce jiha na da hakkin tsayawa tsakanin mutanenta da dokar da ta saɓa wa tsarin mulki, sannan ya kawo gyare-gyare bakwai ga kundin. Kada a yi shelar yaƙi ko a shigo da sabuwar jiha sai da kashi biyu cikin uku na majalisa. Kada takunkumin ciniki ya wuce kwana 60. Shugaban ƙasa zango ɗaya, kuma kada jiha ɗaya ta ba da shugaba sau biyu a jere, don cikin shugabanni huɗu na farko uku 'yan Virginia ne. Na karanta wannan na ce ashe karɓa-karɓa ma tsohuwar magana ce. Akwai kuma mai wari a ciki, wadda ta ce wanda ba a haife shi ɗan ƙasa ba kada ya riƙe muƙamin tarayya, don baƙin haure jam'iyyar Jefferson suke zaɓa.

Wadda ta fi tsaya mini ita ce ta farko. Tsarin mulkin Amurka ya ce wajen rabon kujerun majalisa a ƙirga kowane bawa biyar a matsayin mutum uku. Bawan ba ya zaɓe, ubangidansa ne ke cin ƙarin kujera da kansa. Mutanen Hartford suka ce a soke. Gaskiya ce suka faɗa, amma ban yarda tausayin bayi ne ya sa su ba. Ba su ce a 'yanta kowa ba, lissafin kujeru ne ya dame su. A ginin nan dai, shekara 25 bayan haka, aka fara sauraren shari'ar mutanen jirgin Amistad, 'yan ƙabilar Mende na ƙasar Saliyo ta yau da suka ƙwace jirgin da aka ɗauko su bayi. Su ne suka fi ba ni tausayi a duk ginin.

Ɗan ƙanwata ya zauna a wani benci a waje, ya ce, "Kawu, to ai ba su yi komai ba. Me ya sa sunansu ya ɓaci?"

Rufe ƙofar nan ce ta farko. Tunda ba wanda ya ji abin da aka faɗa, kowa ya cika da abin da ransa ya ba shi, kuma ko da aka fito da littafin zaman bayan shekaru, ba muhawara a ciki, sai jerin shawarwari. Ta biyu kuma ƙaddara. Suna zaune a ɗakin nan, ranar 24 ga Disamba, aka sa hannu kan sulhu a birnin Ghent na ƙasar Beljiyam ta yau, labari na kan teku bai iso ba. Kwana uku bayan sun tashi, 8 ga Janairu, Janar Andrew Jackson na Amurka ya yi wa sojojin Birtaniya mummunan kaye a New Orleans. Massachusetts ta tura mutum uku, Otis na ciki, su kai wa Madison buƙatu. Suna hanya labarin nasara ya riske su, suna isa Washinton a Fabrairu na sulhu ya biyo baya. Gari ya ɗauki murna, su kuma ga takardar koke a aljihu. Suka juyo sum-sum. Wani mai zanen barkwanci ya zana jihohin uku a kan dutse suna shawarar ko su yi tsalle su faɗa hannun Sarkin Ingila, Pickering a ƙasa durƙushe yana addu'a. A zaɓen 1816 ɗan takararsu jihohi uku kacal ya ci, wani ɗan Virginia, James Monroe, ya haye. Otis ya rayu har ya zama magajin garin Boston, amma bai daina rubuce-rubucen wanke kansa daga Hartford ba.

Na ce masa ga wani abin kuma. A 1798, da Fedaralis ke mulki suka yi dokar ɗaure masu sukar gwamnati, Jefferson da Madison ne suka rubuta ƙudurorin Kentucky da Virginia masu cewa jiha na iya tsayawa ta ƙi dokar tarayya. Mutanen Hartford makamin Madison suka ɗauka suka auna shi da shi. A 1814 babbar jaridar Richmond, babban birnin Virginia, ta rubuta cewa babu jihar da ke da ikon ficewa, yin haka cin amanar ƙasa ne. A 1861 Richmond ɗin ce hedikwatar 'yan aware. Webster da ya yi wa gwamnati bore a 1814, shi ne a 1830 ya zama babban mai kare haɗin kan ƙasa a majalisar dattawa, sanatan Carolina ta Kudu na yi masa gorin Hartford.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kamar araba."

Ban yi zaton ya san kalmar ba, don an haife shi shekaru da yawa bayan abin. Ni ina yaro lokacin, amma na ji ta da kunnena a 1966, bayan Janar Ironsi ya soke yankuna da doka ta 34 a watan Mayu. Araba ake cewa a titunan Arewa, kuma an zubar da jinin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, abin da mutanen Hartford duk laifinsu ba su yi ba. Shekara guda bayan haka Gabas ta ɓalle, yayyenmu da suka yi ihun araba suka sa kaki suka tafi yaƙin haɗa Najeriya. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka tafi. Ban taɓa gaya masa rabin farko na labarin ba, a bencin nan na gaya masa.

Kafin mu fita wata ma'aikaciyar gidan ta ce kada mu tafi ba mu leƙa ɗakin abubuwan al'ajabi ba. Ashe tun 1797 wani mai zane, Joseph Steward, ya buɗe ɗan gidan kallo a cikin ginin, yanzu an sake shirya irinsa. Muka shiga: ƙwarangwal, tsuntsaye busassu, kada a rataye, sai ga ɗan maraƙi mai kai biyu a tsaye cikin akwatin gilashi, jiki ɗaya, kowane kai na kallon nasa gefen. Ɗan ƙanwata ya zaro waya ya ɗauke shi hoto, ya ce wannan zai tura wa mahaifiyarsa, don shi kaɗai ne a tafiyar nan za ta tsaya ta kalla.

Ƙarfe uku saura muka yi la'asar a gefen motar, a wurin ajiye motoci, kan kwalin da ya shimfiɗa saboda ƙanƙara. Shayin fulas ya huce. Kafin mu tsallake kogin Connecticut mu kama hanyar Boston an fara kunna fitilu, matarsa kuma ta bugo ta ce mu tsaya a hanya mu sayo wa yaron madara.